Mafakar Waɗanda Suka Tsere wa Cin Zarafi a Gida a Ingila: Me Ke Wuyan Kansul, Kuma Wa Ke Sa Mata Ido?

'Yan'uwanmu sun yi yawa a Ingila yanzu: ɗalibai, ma'aikatan jinya, masu kula da tsofaffi, da matan da aure ya kai su. Idan zama ya ɓaci a Kano ko Damagaram, mace ta san hanyar gidan ubanta, ta san ƙofar kawunta, ta san mai unguwa. A Birmingham ko Manchester ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da take da shi shi ne doka, da ofishin ƙaramar hukuma, wadda mazauna can ke kira kansul. Tambayoyin nan a kan wannan ne. Da mace nake magana a mafi yawan amsoshin, domin mata ne suka fi neman mafaka, amma dokar ba ta ware maza ba.

Idan ranki na cikin haɗari a wannan lokaci, ki kira 999. Idan ba halin yin magana kuma wayar hannu ce, ki saurara, ki danna 55 idan an buƙata, za a haɗa ki da 'yan sanda.

Wace doka ce ake magana a kanta?

Dokar Cin Zarafi a Cikin Gida ta 2021, wadda ta zama doka ranar 29 ga Afrilu na shekarar. Kashi na 4 nata, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2021, shi ne ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin samar da tallafi ga waɗanda aka ci zarafinsu, da 'ya'yansu, a cikin amintaccen masauki. Kafin nan, ganin dama ne. Gidan mafaka na farko da aka sani a ƙasar, mata ne suka buɗe shi da kansu a Chiswick, yammacin Landan, a 1971, ƙarƙashin jagorancin Erin Pizzey. Shekara hamsin gidajen suna rayuwa da sadaka da ɗan abin da kansul ta ga dama ta bayar, kuma duk lokacin da aka tsuke bakin aljihun gwamnati, suna cikin na farko da ake yanke wa. Wannan kashi Ingila kaɗai ya shafa. Wales da Scotland kowace na da nata tsarin.

Bai taɓa dukana ba. Ni ma ina ciki?

Kina ciki, 'yar'uwa. Dokar ta lissafa duka da fyaɗe, ta lissafa barazana, ta kuma lissafa abin da mu a gida ba mu cika kiransa cin zarafi ba: mallake mutum da juya shi, ƙuntata masa ta hanyar kuɗi, da azabtar da zuciyarsa. Wanda ya karɓe fasfonki ya kulle, ya hana ki aiki ko ya karɓe albashinki, yake bincike wayarki, ya raba ki da kowa, yake ce miki zai soke bizarki a mayar da ke gida ba tare da 'ya'yanki ba, duk wannan ya shiga ma'anar. Sharaɗin shi ne ku biyun kun kai shekara 16 kuma akwai alaƙa ta kusa tsakaninku.

Abu biyu a nan sun shafe mu sosai. Ba sai an yi rajistar auren a ofishin gwamnati ba; auren da aka ɗaura a masallaci, ko a gida kafin a taho, ya isa a ce akwai alaƙa. Sannan ba miji kaɗai ake nufi ba. Dangi ma suna ciki, har da surukai. Uwar miji ko ƙanin miji da ke gallaza wa matar gida a ƙarƙashin rufi ɗaya, doka ta san da su.

Wace kansul ce ke da alhakin? Na ga kamar sun fi ɗaya a inda nake.

Nan ne mutane ke shan yawo. A manyan birane irin su Birmingham, Leeds da Manchester, hukuma ɗaya ce ke riƙe da komai. A yankuna irin su Kent kuwa, hawa biyu ne: hukumar yankin gaba ɗaya ita ce ke tsara tallafin mafaka, amma ƙaramar hukumar gunduma, kamar ta Canterbury, ita ke da ofishin gidaje. A Landan, alhakin Kashi na 4 yana wuyan Hukumar Babban Landan da ke ƙarƙashin magajin gari, ofisoshin gidaje kuwa suna hannun gundumomi 32 da hukumar tsakiyar birni. Doka ta wajabta wa na ƙasa su ba na sama haɗin kai. Ke da kike neman wurin kwana yau, ofishin gidaje na gundumar da kika samu kanki a ciki shi ne naki.

Takamaimai me aka ce kansul ta yi?

Ta ƙididdige buƙata a yankinta: mutum nawa ke neman mafaka, su waye, wa ake juyawa a ƙofa kuma don me. Daga nan ta rubuta tsarin aiki ta wallafa shi kowa ya gani. Na farko an ba su wa'adin 5 ga Janairu 2022. Ta ba da kwangilar ayyuka bisa wannan tsari, ta riƙa auna ko yana aiki, ta kuma kai rahoto ga gwamnatin tsakiya kowace shekara. Ana sake cikakken binciken buƙatar duk bayan shekara uku.

An kuma wajabta mata kafa kwamitin haɗin gwiwa da zai ba ta shawara. Doka ta faɗi waɗanda dole su samu kujera: wakilin hukumar, wakilin ƙananan hukumomin da ke ƙarƙashinta, mai magana da yawun waɗanda aka ci zarafinsu, mai magana da yawun 'ya'yansu, ƙungiyoyin agaji masu wannan aiki, ɓangaren lafiya, da 'yan sanda ko ɓangaren shari'a. Gwamnati ta ware fam miliyan 125 a shekarar farko, kuma kuɗin ya kai fam miliyan 160 a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026.

Ke nan doka ta ba ni ɗaki a gidan mafaka?

A'a. Kuma wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, don haka bari in tsaya a kanta.

Kashi na 4 alhaki ne na tsarawa da biya da bayar da rahoto. Bai ba wa mutum ɗaya haƙƙin ya tsaya a ƙofa ya ce ga doka, a ba ni gado ba. Kansul na iya cika duk abin da aka lissafa a sama, takardunta su fito tsaf, amma ke ki buga waya ranar Juma'a da yamma a ce miki babu wuri. Hakan na faruwa kullum. Ƙungiyar Women's Aid, da ke haɗa kan gidajen mafaka tun 1974, tana fitar da ƙididdiga kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan kusan shida cikin kowace buƙata goma da aka miƙa wa gidajen mafaka a Ingila ba a karɓe ta ba, babban dalili shi ne rashin wuri. Ma'aunin da Majalisar Turai mai kula da haƙƙin ɗan'adam (Council of Europe) ta ba da shawara a kai shi ne wurin iyali ɗaya ga kowane mutum 10,000, kuma Ingila ba ta kai shi ba.

Ba ina raina dokar ba ne. Ta kawo kuɗin da babu su a da, ta kuma hana kansul ta ce ba ruwanta. Amma ina jin zafin ganin mace ta ji an ce doka ta ba ta gida, ta tattara ƙarfin halin da ta shekara tana tarawa ta fito, sannan ta tarar ta buga ƙofar da ba ita ba. Haƙƙin da yake naki ke kaɗai, wanda za ki iya kai kansul kotu a kansa, yana wata dokar ne dabam.

Wace ƙofa ce wannan?

Ƙofar rashin muhalli, ƙarƙashin Kashi na 7 na Dokar Gidaje ta 1996. A idon wannan doka, mai gida ma marar gida ce idan zama a cikinsa zai jawo mata cin zarafi. Tun 5 ga Yuli 2021, duk wadda ta rasa muhalli saboda cin zarafi a gida tana cikin sahun masu fifiko kai tsaye. Da can, mace marar ciki marar yara sai ta nuna cewa ta fi sauran marasa gida rauni kafin a kula ta. An soke wannan.

Abin da hakan ke nufi a aikace: idan ofishin gidaje yana da dalilin zaton cewa ba ki da inda za ki kwana lafiya, kuma takardun zamanki sun ba ki damar samun taimakon gwamnati, wajibi ne ya ba ki masaukin wucin gadi nan take, tun kafin ya kammala bincike. Daga nan yana da kwana 56 na ƙoƙarin samo miki mafita, sannan ya yanke hukunci a rubuce kan ko zai ci gaba da ɗaukar nauyinki har a samu muhalli mai ɗorewa. Kowace kansul tana da lambar kira ta dare da ranakun hutu. Ki faɗa musu a fili cewa kina shigar da buƙatar rashin muhalli saboda cin zarafi, ki nemi tafinta idan Turancin bai zauna ba, kuma kada ki yarda a sa ɗanki ko wani daga dangin miji ya yi miki fassara.

A lokaci guda ki kira layin ƙasa na kyauta da ƙungiyar Refuge ke gudanarwa dare da rana, 0808 2000 247. Su ne ke iya duba inda ake da gurbi a gidajen mafaka a duk ƙasar.

Za su ce sai na kawo takardar 'yan sanda? Za su kira shi su ji ta bakinsa?

Ƙa'idojin da gwamnati ta ba ofisoshin gidaje sun ce kada su mai da shaidar 'yan sanda sharaɗi a kan kowa, domin mata da yawa ba su taɓa kai ƙara ba. Sun kuma ce kada a tuntuɓi wanda ake zargi, saboda hakan na iya jawo mummunan abu. Idan jami'i ya ce sai kin kawo lambar ƙara, ki roƙe shi cikin natsuwa ya rubuta miki hakan a takarda. Duk abin da kike da shi kuwa, saƙonnin waya, hotuna, wasiƙar likita ko ta ungozoma, yana taimakawa.

Wane irin wuri ake kira amintaccen masauki?

Gidan mafaka da kowa ya sani yana ciki: adireshinsa a ɓoye yake, jinsi ɗaya ne ke zaune, kowace da ɗakinta ita da 'ya'yanta, galibi ana haɗa kicin da falo, kuma akwai ma'aikata. Akwai gidajen da aka keɓe wa wasu jama'a, kamar mata baƙar fata da 'yan tsiraru, ko masu naƙasa, waɗanda mutanen wannan jama'a ke gudanarwa da kansu. Akwai gidaje ɗaiɗai da aka warwatsa a cikin gari, iyali ɗaya a kowane, ma'aikaciya na zuwa tana duba su. Waɗannan sun fi dacewa da mai yara da yawa, ko mai saurayin ɗa, tunda wasu gidajen mafaka na haɗaka suna da iyakar shekarun yara maza. Akwai gidan mataki na biyu, na wadda ta fara farfaɗowa amma ba ta kai ga tsayawa da ƙafarta ba. Sai kuma gidanki na asali idan an ƙarfafa tsaronsa.

Otal mai arha, ko masaukin da ake cuɗa maza da mata suna haɗa banɗaki da kicin, ba ya cikin wannan lissafi. Duk da haka ofishin gidaje na iya ajiye ki a irin wannan wuri da farko idan babu wani. Mai ciki ko mai yara, doka ta hana a bar ta a irin masaukin nan na 'yan kasuwa fiye da mako shida. Ki riƙe ranar da kika shiga.

Wa ke biyan kuɗin haya?

Kuɗin Kashi na 4 na tallafi ne: albashin ma'aikatan gidan, mai raka ki kotu da asibiti, mai ba da shawara kan kuɗi da shari'a, mai kula da yara, mai kwantar da hankali. Haya kuwa daga tallafin haya na gwamnati take fitowa, wanda ake nema da sunanki. Mai aiki da albashi za a iya neman ta biya wani kaso, kuma hayar gidan mafaka ba ta da arha. Idan kina da niyyar komawa gidanki bayan an fitar da mai cin zarafin, ana iya biyan tallafin haya na gida biyu har tsawon mako 52. Wannan rabe-rabe tsakanin haya da tallafi shi ne tushen matsalar masu biza, wadda zan zo kanta.

To wa ke sa wa kansul ido?

Hawa-hawa ne, kuma kowane yana da iyakarsa. Kwamitin haɗin gwiwa shi ne na kusa, amma shawara yake bayarwa, ba umarni ba, kuma kansul ce ke naɗa mutanensa. Ƙungiyoyin da ke zaune a cikinsa sau da yawa daga hannun kansul ɗin suke samun kwangila. Kowa ya san wuyar faɗa wa mai ba ka abinci gaskiya.

Sama da shi akwai ma'aikatar gidaje da ƙananan hukumomi, da ke karɓar rahoton shekara tana wallafa jimillar alkaluma. Akwai Kwamishinar Yaƙi da Cin Zarafi a Gida, muƙamin da dokar ta 2021 ta kafa, wanda Nicole Jacobs ta fara riƙewa. Hukumomi dole su ba ta haɗin kai, su kuma amsa shawarwarinta cikin kwana 56. Binciken da ta fitar a 2022 ya nuna taimakon da mutum zai samu ya dogara ƙwarai da garin da ya samu kansa, kuma ƙananan ƙungiyoyin 'yan tsiraru su ne aka fi bari ba kuɗi. Sai dai ofishinta ba ya ɗaukar ƙarar mutum ɗaya.

Gidajen kansu, ƙa'idojin sun ce kansul ta ba da kwangila ga waɗanda suka cika ma'aunin inganci, irin na Women's Aid ko na Imkaan, ƙungiyar da ke haɗa masu aiki da mata baƙar fata da 'yan tsiraru.

Hawan da na fi ba muhimmanci shi ne wanda aka fi mantawa da shi: zaɓaɓɓun kansiloli da mazauna gari. Kowace kansul tana da hanyar da kansiloli ke bin diddigin ayyukanta, zamansu a buɗe yake, takardunsu suna intanet. Tsarin aikin mafaka ma yana shafin hukumar. Kowa na iya aika tambaya ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2000, kuma wa'adin amsa kwanakin aiki 20 ne. Tambayoyin da suka cancanci a yi ba su da wuya: mutum nawa kuka juya bara, don me? Nawa ne daga cikinsu saboda takardun zama? Nawa kuka kashe kan tafinta? Wa ke wakiltar matan Afirka a kwamitinku? Jama'ar da ba ta bayyana a binciken buƙata ba, ba za ta bayyana a kasafi ba, kuma mu Hausawa, da al'adarmu ta rufin asiri, muna cikin waɗanda suka fi saurin ɓacewa daga irin wannan lissafi.

Na ji ana cewa akwai gidajen mafaka na bogi. Gaskiya ne?

Akwai masu gidajen haya da suka gano cewa masaukin da aka ce yana ba da tallafi ana biyansa haya fiye da ta gama-gari. Sai su cika gida da mabuƙata, su karɓi kuɗi, tallafin kuwa babu. Birmingham ce ta fi yin ƙaurin suna a kan haka. Wani kwamitin majalisar dokoki da ya binciki lamarin a 2022 ya ji shaidar cewa an ajiye matan da suka gudo daga cin zarafi gida ɗaya da maza masu tarihin tashin hankali. Wannan ya kai ga dokar 2023 ta sa ido kan irin waɗannan gidaje, wadda ta buɗe hanyar ba kansul ikon bayar da lasisi. Abin da zai kare ki shi ne kada ki karɓi ɗaki daga talla a Facebook ko WhatsApp. Ki bi ta layin ƙasa, ko ofishin gidaje, ko sananniyar ƙungiya. Idan kin shiga kika tarar da maza a gidan, ko babu ma'aikaci ko ɗaya, ki sanar da wanda ya tura ki a ranar.

Bizata a ƙarƙashin tasa take, kuma an rubuta ba ni da damar kuɗin gwamnati. Ina na dosa?

Nan ne gaba kura, baya sayaki, kuma masu cin zarafi sun san haka, shi ya sa suke riƙe biza kamar bulala. Wadda ba ta da damar kuɗin gwamnati ba za ta samu tallafin haya ba, ofishin gidaje kuma ba zai ɗauke ta ta ƙofar rashin muhalli ba, don haka gidajen mafaka da yawa ba sa iya karɓarta. A lokacin muhawarar dokar ta 2021, Majalisar Dattawa ta amince da gyaran da zai toshe wannan rami, ta wakilai ta ƙi. Da Birtaniya ta rattaba hannu na ƙarshe kan Yarjejeniyar Istanbul ta yaƙi da cin zarafin mata a 2022 ma, ta ware sashe na 59 da ya shafi zaman mata baƙi. A ganina wannan shi ne babban tabon dokar.

Amma ba a rufe hanya gaba ɗaya ba. Akwai sassaucin da ake kira MVDAC, wanda ke ba da izinin zama na wata uku mai zaman kansa tare da damar kuɗin gwamnati. Wadda ta shigo da bizar aure ga ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin tana iya amfani da wata ukun ta nemi nata izinin na dindindin. Tun Fabrairu 2024 an faɗaɗa sassaucin ga matan auren ɗalibai da na ma'aikata da suka shigo a ƙarƙashin bizar mazajensu, sai dai su ba su da waccan hanya ta dindindin, kuma sabon izinin yana maye gurbin tsohon. Don haka kada ki cike takardar sai kin zauna da lauyan shige da fice mai rajista. Wadda bizar karatu ko ta aiki tata ce ta kanta ba ta cikin wannan sassauci.

Idan akwai yara, sashen kula da yara na kansul yana da alhaki ƙarƙashin sashe na 17 na Dokar Yara ta 1989 ya taimaki yaron da ke cikin buƙata, kuma hakan na iya haɗawa da masauki da kuɗin abinci ga uwa da ɗa, ko da me aka rubuta a biza. Ƙungiyar Southall Black Sisters kuma tana jagorantar wani asusu tun 2021 da ke biyan masauki na ɗan lokaci ga matan da ba su da damar kuɗin gwamnati.

Ina tsoron a ƙwace mini 'ya'ya.

Wannan tsoro ya hana mata da yawa fita, kuma sau da yawa shi mai cin zarafin ne ya dasa shi. Dokar 2021 ta ɗauki yaron da ke gani ko jin cin zarafi a matsayin wanda aka zalunta shi ma da kansa. Ma'aikatan kula da yara za su iya shigowa, gaskiya ne, amma uwar da ta fitar da 'ya'yanta daga haɗari mai kare su ce a idonsu. Ba su da ikon ɗauke yaro da kansu sai da yardar iyaye ko umarnin kotu. 'Yan sanda kaɗai ke da ikon gaggawa, na awa 72.

Gargaɗi ɗaya: idan dangi suka ce ki kwaso yaran ki dawo gida, ki ga lauya tukuna. Fitar da yaro daga ƙasar ba da yardar ɗayan mahaifin ko kotu ba na iya zama laifi.

Zan iya gudu zuwa wani gari, ko sai inda nake biyan haraji?

Za ki iya, kuma galibi hakan ya fi aminci. Kina da damar shiga ofishin gidaje na kowace kansul, kuma ba a yarda ta mayar da ke yankin da kike cikin haɗari ba. An umarci hukumomi su ƙidaya masu zuwa daga waje a cikin tsarinsu. Tun Yuli 2025 kuma an hana a yi amfani da sharaɗin daɗewa a gari wajen hana waɗanda suka tsere wa cin zarafi shiga layin gidajen gwamnati. Idan an ba ki gurbi a gidan mafaka mai nisa, ki tambaye su tikitin jirgin ƙasa na kyauta. Akwai shiri na musamman don haka tun 2020.

Ni ba na son barin gidana. Me ya sa ni zan fita?

Tambaya ce mai kyau. Kotun iyali na iya ba da umarnin fitar da shi daga gidan, da umarnin hana shi kusantarki, ƙarƙashin Dokar Iyali ta 1996, kuma karya na biyun laifi ne da ake kama mutum a kansa. Kansul da yawa suna da shirin ƙarfafa gida: sauya makullai, ƙara ƙarfin ƙofa da tagogi, sa fitilu da ƙararrawa. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan ba ya zaune a gidan, kuma zaɓinki ne, ba a tilasta miki don a rage wa ofis aiki. Idan sunanki na kan takardar haya, kada ki sa hannu kan sakinta sai kin nemi shawara. Mai hayar gidan gwamnati ta har abada, idan kansul ta sauya mata gida saboda cin zarafi, doka ta ce sabuwar hayar ma ta zama ta har abada.

Sun ƙi taimakona, ko sun ba ni wurin da bai dace ba. Sai me?

Ki nemi hukuncin a rubuce. Kina da kwana 21 daga ranar da kika same shi ki nemi a sake dubawa, kuma idan ba ki gamsu ba akwai wasu kwana 21 na ɗaukaka ƙara zuwa kotu kan abin da ya shafi doka. Idan an ba ki masauki kina ganin bai dace ba, mafi aminci ki karɓa sannan ki nemi a sake dubawa, domin ƙin karɓa na iya sauke wa kansul nauyinki. Jan ƙafa, wulaƙanci, ko tona adireshinki, a fara da ofishin koke na kansul ɗin, sannan a wuce wurin Ombudsman na ƙananan hukumomi, wato mai binciken koke-koke mai zaman kansa, wanda kyauta ne. Ƙungiyoyin Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara ba tare da kuɗi ba, kuma Women's Aid na da shiri tun 2016 na musamman don matan da aka juya a ƙofa.

Namiji fa?

Haƙƙinsa ɗaya ne a ofishin gidaje, kuma dole kansul ta ƙidaya maza a binciken buƙatarta. Guraben maza kaɗan ne ƙwarai, don haka galibi gida ɗaiɗai ake ba su. Layin da ƙungiyar Respect ke gudanarwa dominsu shi ne 0808 801 0327. Ɗan'uwa, neman taimako bai rage maka komai ba.

Mu iyaye muna gida, ko shugabannin ƙungiyar Hausawa a can. Me za mu yi?

Baba, Inna, idan 'yarku ta ce ta fita, kada kalmar farko ta zama ki yi haƙuri ki koma. Ku tambaye ta ko tana cikin aminci. Kada ku nemi adireshin gidan mafakar. Ba ta ɓoye muku don raini ba. Sharaɗin zama ne, kuma idan ya fita, za a iya ɗauke ta da yaran a sake kai su wani gari, rayukan sauran matan gidan ma su shiga haɗari. Idan dangin miji suka zo biko, kada ku faɗi ko sunan garin. Maganar sulhu ko saki tana da lokacinta, bayan an tabbatar da tsaro, kuma ba a ɗaki ɗaya da shi ba.

Idan kuma ya kawo ta gida da sunan hutu ya gudu da fasfonta, ku sani cewa tun 31 ga Janairu 2024 wadda ke da bizar aure aka yasar da ita a ƙasar waje tana iya neman izinin komawa daga inda take.

Limamai da shugabannin ƙungiyoyi a Ingila kuwa, aikin da ke gabanku a fili yake. Ku buɗe shafin kansul ɗinku ku karanta tsarin mafakarta, ku duba shekarar da za a sabunta shi, ku rubuta wa jami'in da ke kula da kwamitin haɗin gwiwa ku nemi a saurari matanku idan an zo binciken buƙata. Ku nemi a sa Hausa cikin harsunan tafinta. Ku liƙa lambar layin ƙasa a ɓangaren mata na masallaci, a bayan ƙofar wurin alwala, inda mace za ta iya kwafe ta ba wanda ya gani.